Darasi na 9: Yadda ake sa kamshaf na gudu a injin motar Amurka

Motocin darasinmu na yau 'yan Amurka ne, irin su Pontiac GTO da ta fito a 1964 da Chevrolet Camaro ta 1967, manya masu silinda takwas da zuƙar fetur ba tausayi. Za mu yi misali da injin Chevrolet 350, wato mai lita 5.7.

Shi kamshaf ƙarfe ne dogo yana kwance a tsakiyar bulok, yana da tozo 16, kowane bawul da nasa. Tozo ya ɗaga tafet, wato ɗan guntun ƙarfen da ke zaune a kansa, tafet ta tura sanda, sandar ta tura roka, wato ƙarfen da ke danna kan bawul, bawul ya buɗe. Karankshaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa, in ya juya sau biyu kamshaf sau ɗaya yake juyawa. To na gudu tozonsa ya fi tsayi da faɗi, saboda haka bawul ya fi buɗewa ya kuma daɗe bai rufe ba, iska da mai su shiga da yawa. Amma fa a sulo injin zai riƙa gurnani yana karkarwa, zuƙar iskarsa ta ragu, har birki ya kan yi tauri, don da wannan zuƙar birkin yake samun taimako. In motar zuwa kasuwa ce kawai, ni dai ban ga amfanin sa na gudu ba.

Kwancewa ba wuya sai dai yawa. Cire kan batir, juye ruwa, fitar da lagireto da famfon ruwa da fulin gaban karankshaf da murfin taimin, a sama kuma kafireto da manifol da distiributa, sai roka da sanduna da tafet. Kar ka manta famfon fetur, yana da 'yar sanda da ke jingine da kamshaf, in ba ka janye ta ba za ka yi ta ja yana ƙin fitowa.

Ɗaura dogayen bol a gaban kamshaf su zama maka mariƙi, ka zaro shi a hankali kana juyawa don kar tozo ya karce boris. Sabon kuma ka shafe kowane tozo da man da kamfani ya haɗo da shi, kar ka yi rowa. Tafet dole sababbi ne duka 16, domin tsohuwar tafet ta riga ta saba da tsohon tozo, in ka ɗora ta kan sabo za ta cinye shi, garin ƙarfen ya bi baƙin mai ya shiga ko'ina, kaga an koma sauke inji gaba ɗaya kenan. Sifirin ɗin bawul ma ka sa wanda takardar kamshaf ta ce.

Wajen taimin akwai ɗigo a kan kowane giya. Na karankshaf ya kalli sama, na kamshaf ya kalli ƙasa, su fuskanci juna a layi ɗaya. Bayan ka sa sarƙa ka mayar da tafet da sanduna da roka, sai ka juya injin da hannu zagaye biyu, in ka ji ya cije ka tsaya, wataƙila bawul ne ya taɓa fistin.

Tashin farko nan ne ake asara ko a tsira. Zuba baƙin mai mai sinadarin zinki, ka tabbatar komai ya daidaita yadda zai kama bugu ɗaya, yana tashi ka taka totur ya kai juyi 2000 zuwa 2500 a minti, ka riƙe shi nan minti 20 zuwa 30 kana ɗan ƙarawa kana ragewa, kar ka kuskura ka bar shi a sulo, don tozon da fantsamar mai yake samun jiƙa kuma a sulo man ba ya fantsama sosai. Sa wani ya zuba ido kan agogon zafi da na mai. In matsala ta taso kashe shi gaba ɗaya, ka gyara, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Kana gamawa ka juye man, ka canza filta.

Aikin gida: zana giya biyun a littafinka, ka sa ɗigon kowanne a mazauninsa.