Kafin ku ƙara biyan kuɗin lesin, ku gwada littafin gyara

Assalamu alaikum iyaye, musamman na Nima da Mamobi a Accra masu yara a JHS 3, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare.

Ku saya wa yaro littafin rubutu guda ɗaya, mai arha. Duk tambayar da ya faɗi a jarrabawar aji, ya kwafe ta a ciki, ya sake yinta da kansa. Bayan Magariba ku zauna tare minti 15. Ko ba ku yi boko ba, ku ce, "Nuna min inda ta kuɓuce maka."

Amfaninsa a fili yake. Yaro ya daina ɓoye takardar da malam ya cika da jan biro a ƙasan jaka, domin ita ce abin aikinsa yanzu. Kafin BECE, jarrabawar kammala JHS, ya san rauninsa, ko lissafi ne ko Turanci.

Sai ku kula da bakinku. Idan ya gyara, ku yaba wa ƙoƙarin da hanyar da ya bi. Binciken Carol Dweck, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, na 1998 ya nuna yaran da ake yaba wa basira sun fi gudun aiki mai wuya. Kalmar "daƙiƙi" kuwa, don Allah a bar ta.

Dabarar ba ta aiki idan aka haɗa ta da bulala, ko yaro ya dawo daga makarantar allo a gajiye da yunwa. Idan kuma har yanzu bai iya haɗa baƙi ba, ko yana matse ido wajen kallon allo, ku ga malaminsa ku kai shi a duba idon.