Yadda ake zaɓen raket ɗin padel wanda ya dace da hannunka

Wasan padel ya fara shiga bakin matasan Zariya, musamman masu zirga-zirga zuwa Abuja da Legas, inda suka ga ana buga shi har suka gwada. Wani ɗan ƙasar Meziko mai suna Enrique Corcuera ne ya ƙirƙiro shi a garin Akafulko a 1969, daga nan ya bunƙasa a Sifaniya da Ajantina. Mutum huɗu ke bugawa, biyu-biyu, a fili mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, kewaye da gilashi da ragar ƙarfe. Ƙwallo na iya bugun gilashin ta dawo a ci gaba da wasa, don haka dukan ƙarfi ba shi ke kawo maki ba. Wanda ya iya ajiye ƙwallo inda yake so, shi ke cin wasa. Da wannan ma'aunin za ka zaɓi raket, wato abin da ake buga ƙwallon da shi.

Yawancinmu a nan oda muke yi ta intanet, ko mu ba wani saƙo ya sayo, a sako a mota mu karɓa a tashar Kwangila. Idan raket ɗin bai yi maka ba, mayar da shi aiki ne ja. Gara ka san abin da kake nema tun kuɗinka na aljihu.

Mataki na farko: tabbatar na padel ne

Kada ka raina wannan. A hoton waya, raket ɗin padel ya yi kama da na wasu wasanni biyu, kuma wani mai sayarwar ma bai san bambancinsu ba. Na padel ba shi da zare irin na tanis. Fuskarsa a cike take, an huda ta ramuka da yawa. A doka tsawonsa ba ya wuce santimita 45.5, faɗinsa 26, kaurinsa kuma milimita 38, kuma kusan duk na manya haka kaurinsu yake. In ka ga mai ramuka amma dogo kuma siriri, na tanis ɗin bakin teku ne. In ka ga siriri marar rami ko ɗaya, na wasan pikilbol ne. Ka ce mai kaya ya ɗauko maka hotonsa ta gefe, kauri zai faɗa maka gaskiya.

Mataki na biyu: siffar kansa

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Siffa uku ce: zagayayye, mai kama da ɗigon ruwa, da mai siffar daimon wanda samansa ya fi faɗi.

Kowane raket yana da wurin da idan ƙwallo ta sauka, za ta tashi lafiya ba tare da hannu ya ji girgiza ba. A zagayayye wurin nan yana da faɗi kuma a tsakiya yake, nauyin raket ɗin kuma ya karkata wajen hannu. Ko ka ɗan kuskure, zai rufa maka asiri. A mai siffar daimon wurin ya tsuke kuma ya hau sama, nauyi ya taru a kai. Yana ba da duka mai zafi ga wanda ya ƙware a bugun sama, amma ga sabon shiga wahala ce zalla: ƙwallo ta riƙa mutuwa a raga, gwiwar hannu ta riƙa ɗaukar girgiza. Mai ɗigon ruwa yana tsakaninsu.

Shawarata ba ta da kwana-kwana: in yanzu ka fara, sayi zagayayye. Na san yadda zuciya ke yi in mutum ya kalli ƙwararrun 'yan wasan padel irin su Agustín Tapia ko Arturo Coello suna fitar da ƙwallo waje da fili, sai ya ji shi ma irin nasu yake so. Su kuwa tun suna yara suke wannan wasa, kuma suna da masu kula da lafiyar jikinsu. Manomi ba ya sayen garma don ya ga ta yi kyau a hannun wani, sai ya ɗaga ta ya ji ko kafaɗarsa za ta kai yamma da ita.

Wanda ya daɗe yana buga tanis a filayen jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko ya saba da sikwash, idonsa ya riga ya san ƙwallo, yana iya farawa da mai ɗigon ruwa. Duk da haka ya sani hannun ɗan tanis ya saba da dogon lilo, padel kuwa gajeren motsi yake so.

Mataki na uku: nauyi, da inda nauyin ya taru

Na manya yawanci suna tsakanin giram 340 da 390. Namiji mai matsakaicin jiki ya nemi 360 zuwa 370. Mata da masu ƙaramin jiki sun fi jin daɗin 340 zuwa 360. Yaro a nema masa na yara, wanda bai yi nisa da giram 300 ba. Kada a ba shi na babansa a ce zai girma ya same shi, kafaɗarsa ce za ta biya.

Sai dai lambar sikeli ba ita kaɗai ba ce. Raket biyu na iya zama nauyi ɗaya, amma ɗaya ya fi gajiyar da hannu saboda nauyinsa a kai yake. Ka ɗora shi a kan yatsa har ya tsaya bai rinjaya ba, ka auna da tef ɗin tela daga gindin ƙota zuwa yatsan. In ya tsaya wajen santimita 25 zuwa 26, nauyin yana kusa da hannu, shi ake so wa mai koyo. In ya haura 27, kai ne ya yi nauyi. Kamfanoni irin su Nox da Bullpadel da Head da Babolat sukan rubuta wannan a bayanin kayansu, ka duba kafin ka biya.

Mataki na huɗu: abin da ke ciki da na fuska

Cikin raket roba ce, galibi wadda ake kira EVA, akwai mai laushi akwai mai tauri. Wasu kuma soso ake sa musu, wanda ya fi laushi amma ya fi saurin lalacewa. Fuskar kuwa ko zaren gilashi ko zaren kabon. Zaren gilashi yana lanƙwasa, yana taimaka wa ƙwallo ta fita ko da ba ka sa ƙarfi ba, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Kabon ya fi tauri da ƙarko, amma sai ka kawo ƙarfin da kanka.

Za ka ga an rubuta 3K ko 12K ko 18K. Wannan yawan siraran zare ne a kowane ɗauri na kabon, wato 3,000 ko 12,000 ko 18,000. Ba maki ba ne na inganci, kada mai sayarwa ya ruɗe ka da babbar lamba. Mai koyo, da duk wanda gwiwar hannunsa ta taɓa ciwo, ya tsaya a roba mai laushi da fuskar zaren gilashi.

Akwai abin da bayanin kamfani ba zai faɗa maka ba, domin ba don Zariya aka rubuta shi ba. Roba tana ƙara laushi a zafi, tana ƙara tauri a sanyi. Raket ɗin da ka ji daidai da safiyar hunturu a Janairu, zai yi maka laushi a zafin Afrilu. Saboda haka kada ka je ga mafi laushin duka, matsakaici ya fi dacewa da yanayinmu. Kuma don Allah kada ka bar shi a bayan mota ta wuni a rana. Zafin nan yana kashe robar, yana sassauta gam ɗin da ya riƙe fuskar, raket mai tsada ya lalace tun bai yi aiki ba. Jaka mai rufin hana zafi ba almubazzaranci ba ce a garin nan.

Mataki na biyar: ƙota da igiya

Ka riƙe ƙotar. In yatsunka sun zagayo har sun taɓa tudun tafin hannu, ta yi maka siriri, kuma za ka riƙa matse ta da ƙarfi har jijiya ta gaji. Ka ƙara naɗin tef ɗaya ko biyu har ɗan yatsa ya samu wurin shiga tsakani. Kowane naɗi yana ƙara kusan giram 5, yana kuma jawo nauyi wajen hannu. Ka sayi da yawa lokaci guda, gumi na cinye su da wuri. Igiyar da ke gindin ƙota wajibi ce a dokar wasa, a wuyan hannu ake sa ta, don kada raket ya suɓuce ya sami abokin wasa ko gilashi.

Ranar da kaya ya iso

Kada ka cire ledar ƙota sai ka gama bincike. Duba gefen raket da bakin ramuka ko akwai tsagewa. Girgiza shi kusa da kunne, bai kamata ka ji wani abu na motsi a ciki ba. Ɗora shi a sikelin dijital ka gani ko nauyin ya faɗa cikin abin da aka rubuta. In an ce maka samfurin fitaccen ɗan wasa ne amma kuɗinsa bai kai rabin na ko'ina ba, araha ba ta ado, jabu sun yi yawa. Hanyar samun sauƙi ta halal ita ce neman samfurin bara, domin kamfanoni na fitar da sababbi duk shekara, farashin na baya ya sauka alhali kayan bai canza sosai ba. In komai ya yi daidai, manna tef ɗin kariya a saman kansa kafin ka shiga fili, don nan ne ke fara gogar gilashi da ƙasa.