Kurakuran da masu tiyatar rage ƙiba ke yi da kalsiyam da bitamin D

Wata shida bayan tiyata, ƙiba ta zube, kayan bara sun yi wa mutum yawa, suga ya lafa. Ya je an ɗebi jini, sakamako ya nuna kalsiyam daidai yake. Daga ranar sai kwalbar magani ta koma bayan durowa. Wannan shi ne uban kurakuran, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Jiki ba ya bari kalsiyam ɗin jini ya sauka, domin da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi. Da zarar ya fara yin ƙasa, wasu 'yan ƙulluttai huɗu da ke cikin wuya, waɗanda ake kira paratayirod, sai su saki sinadarin PTH, shi kuma ya je ya kwaso kalsiyam daga ƙashi, inda kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yake ajiye. Kamar gidan da kullum ana tuƙa tuwo ne, baƙo ya gani ya ce ai akwai wadata, alhali rumbu ake ta ɗiba babu mai zubawa. Saboda haka gwajin kalsiyam shi kaɗai bai isa shaida ba. A nemi a haɗa da gwajin PTH da na bitamin D, wanda ake rubutawa 25-OH D. In PTH ya hau, ƙashi ne ke biyan bashi, ko da kalsiyam ya fito tsaf. Bayan kamar shekara biyu kuma a yi hoton auna ƙarfin ƙashi, DXA.

Me ya jawo haka tun farko? Sashen farko na ƙaramin hanji, wanda ke manne da tumbi, shi ya fi tsotsar kalsiyam. A tiyatar baifas, wadda ake sauya wa abinci hanya a ciki, nan ɗin ne ake kauce wa, abinci ba ya bi ta wurin sam. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa kafin baifas hanji na tsotsar kusan kashi 33 cikin 100 na kalsiyam ɗin da aka ci, bayan wata shida sai ya koma kusan kashi 7. Kuma fa mutanen nan an riga an cika musu bitamin D, wanda shi ke taimaka wa hanji tsotsar kalsiyam. Wanda aka yi wa silib, wato aka yanke kusan kashi 80 na tumbinsa, hanjinsa na nan yadda yake, shi ya sa wasu ke ɗauka su ba ruwansu. Da ruwansu. Ruwan tsamin ciki ya ragu, abincin da ke shiga ma ya ragu.

Nan ne kuskure na biyu ke shigowa: sayen kowane irin kalsiyam aka samu a kemis. Wanda ya fi yawa kuma ya fi araha shi ne kabonet, shi kuwa sai da ruwan tsamin ciki yake narkewa. Ga tumbin da aka rage, ga maganin olsa irin su omeprazole da ake yawan bayarwa bayan tiyata, ƙwayar sai ta wuce ba ta tsinana abin kirki ba. Sitret ne ya dace, ba ya jiran tsami. In kabonet kaɗai aka samu, lallai a sha shi tare da abinci. A kuma juya kwalbar a karanta bayanta: lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba sau da yawa nauyin ƙwayar ce gaba ɗaya, ainihin kalsiyam ɗin da ke cikin sitret kusan kashi 21 ne kawai, na kabonet kashi 40.

Ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta Amurka, ASMBS, ta sa miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rana ga masu silib da baifas, a lissafa da na abinci. Waɗanda aka kauce wa hanjinsu da tsawo sosai, nasu ya kai 1,800 zuwa 2,400. Amma ba a haɗiye shi lokaci guda don a huta. Hanji ba ya ɗaukar fiye da 500 zuwa 600 a zama ɗaya, sai a raba gida biyu ko uku. Kuma a sa tazarar awa biyu tsakaninsa da maganin ƙarin jini, don suna kishi, ɗaya na tare wa ɗaya hanya. Kindirmo marar suga, cuku, sardin da ƙashinsa da miyar kuka duk suna taimakawa, sai dai cikin da loma biyar ke cika shi ba zai kai ga adadin da abinci kaɗai ba.

Sai masu cewa, "Mu da rana ke gasawa, ina mu ina ƙarancin bitamin D?" Hujjar na da daɗin ji, amma ba ta tsayawa. Baƙar fata na buƙatar lokaci mai tsawo a rana kafin ta haɗa shi, sutura na rufe yawancin jiki, kuma wa ke fita tsakar rana da son ransa? Mai ƙiba ma yakan shiga ɗakin tiyata da ƙarancinsa, domin kitse na riƙe shi. Bayan baifas kuma hanji ba ya tsotsar mai sosai, bitamin D kuwa cikin mai yake tafiya. Akan fara da IU 3,000 (IU ma'aunin bitamin ne) na bitamin D3 a rana, a bi da gwaji har adadinsa a jini ya wuce 30 ng/mL. Wasu sai likita ya kai su ga IU 50,000 a mako. Kada dai mutum ya rubuta wa kansa wannan, yawansa na tara kalsiyam a jini ya taɓa ƙoda.

Akwai kuskuren da ke ba ni takaici: a ji an ce tsakuwar ƙoda, sai a daina shan kalsiyam. Bayan baifas akasin haka ne. Kalsiyam da aka sha tare da abinci shi ke kama sinadarin okzalet a hanji su fita tare. In babu shi, okzalet ya shiga jini ya sauka a ƙoda, tsakuwar da ake gudu ta samu. Ruwa da yawa, kalsiyam sitret da abinci, shi ne gyaran.

Da yawa daga cikin mutanenmu a Indiya ko Masar ko Turkiyya ake yi musu aikin, su dawo da maganin wata uku, in ya ƙare shi ke nan. Maganin nan na har abada ne, gwajin ma kowace shekara ne, don karayar ƙugu da wuyan hannu sai bayan shekaru take fara bayyana. A riƙe takardar da ta faɗi irin tiyatar da aka yi, a samu likita ɗaya a gida da zai riƙa bibiya. In kuwa aka fara jin leɓe ko yatsu na tsirtsiri kamar ana tsira allura, ko ƙafa na ɗaurewa da dare, ko miƙewa daga tabarma ya zama sai an dafa bango, kada a jira shekara ta zagayo, a je a ɗebi jinin a makon nan.