Kurakuran da aka fi yi wajen sayen jirgin shaƙatawa na hannu a karon farko

Jirgin da ake magana a kansa shi ne ƙaramin jirgin ruwa na fiba mai gudu, wanda aka buɗe goshinsa aka jera kujeru a ciki, aka kuma raba gilashin gaban direba biyu domin a riƙa wucewa ta tsakiya. Tsawonsa yakan kama daga mita 5 zuwa 7, kuma kamfanoni irin su Bayliner da Sea Ray da Four Winns da Glastron sun ƙera shi da yawa, shi ya sa na hannunsa yake da sauƙin samu. Akasarin waɗanda suke isowa Garwa ko Njamena sun gama shekarunsu na ƙuruciya ne a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar Duwala. An ƙera su ne domin tafkuna masu zurfi da ruwa garau, a garuruwan da shagon kayan gyara yake kusa da bakin ruwa, kuma yawancin asarar da masu saye suke tafkawa a nan ta samo asali ne daga mantawa da wannan.

Kuskuren farko ana yin sa tun kafin a ga jirgin, wato mutum ya yanke shawarar saye bai tantance ruwan da zai riƙa shiga ba. Kogin Binuwai a Garwa yana cika ne a ƙarshen damina, amma da rani ya kama sai ya janye ya bar tudun yashi a wuraren da aka bi jiya lafiya lau. Kogunan Shari da Logon ma haka suke, suna kaiwa ƙololuwa wajen Oktoba da Nuwamba, sannan su yi ƙasa ƙwarai kafin sabon ruwa. Jirgi mai injin ciki, wato wanda injinsa yake kwance a cikin jirgin, yana buƙatar zurfin da ya kusa mita guda idan an sauke ƙafar farfelarsa gaba ɗaya, alhali kwalekwalen masunta yana ratsa ruwan da bai kai gwiwa ba. Tafkin Lagdo da yake kan kogin Binuwai, wanda aka kammala madatsarsa a 1982, shi ne ruwan da ya fi dacewa da irin wannan jirgi a yankin, sai dai yana da duwatsu da tarun masunta da ba a ganinsu daga nesa. Gyaran wannan kuskure ba ya cin kuɗi: a je bakin ruwan a watan Afrilu, lokacin da ya fi ƙanƙancewa, a zauna da masunta da sarkin ruwa a tambaye su hanyar da take da zurfi, a kuma duba ko akwai wurin da mota za ta iya ja da baya da tirela ba tare da ta kafe a yashi ko laka ba. Idan amsar ita ce wata uku kawai za a yi amfani da jirgin a shekara, gara a san haka kafin a biya.

Kuskuren da ya fi tsada, wanda kuma ya cancanci a tsaya a kansa, shi ne zaɓen inji. Waɗannan jirage iri biyu ne. Akwai mai injin rataye, wanda ake ɗaurawa a bangon baya daga waje, irin na Yamaha ko Suzuki ko Mercury. Akwai kuma mai injin ciki, wanda yake kwance a ƙarƙashin kujerar baya kamar injin mota, ƙafarsa ta ratsa bangon ta fito waje, galibi MerCruiser ko Volvo Penta. Na biyun shi ne ya fi yawa a kasuwar na hannu, ya fi araha, ya kuma fi ɗaukar ido, don haka shi masu sayen farko suke rungumowa. A ra'ayina, ga mazaunin arewacin Kamaru ko Chadi, injin rataye ya fi nesa ba kusa ba. Ana ɗaga shi ya fita daga ruwa gaba ɗaya idan an zo kan yashi, ana iya kwance shi a kai wa makanike a bayan mota, kuma masu gyaran da suka saba da Yamaha Enduro na masunta sun san aƙalla yadda tsarinsa yake, ko da na zamani mai kwamfuta zai buƙaci na'urar da ba kowa yake da ita ba.

Injin ciki yana da rauni guda da mai sayarwa ba zai ambata ba. A inda ƙafar ta ratsa bangon akwai robobi masu lanƙwasa da suke hana ruwa shiga, kuma idan ɗayarsu ta tsage jirgin yana iya cika da ruwa ya nutse yana ɗaure a gaɓa. Ana son a canja su duk bayan 'yan shekaru ko a ƙasar sanyi, balle a garin da zafin bazara yake haura maki 40. A ɗaga ƙafar, a juya sitiyari gefe, a haska tocila a matsa robar da yatsa. Idan ta bushe ta yi zane-zane, a sa kuɗin canjinta cikin ciniki. Haka kuma duk jirgin da aka ga an rubuta OMC a ƙafarsa a bar shi, domin kamfanin ya durƙushe a shekarar 2000 kuma kayansa suna wahalar samu ko a ƙasashen da aka ƙera shi. Kafin a biya kafin alƙalami, a fara nemo makaniken da zai riƙa duba injin, a nuna masa hotonsa da lambarsa, a ji ko ya taɓa buɗe irinsa da kuma inda za a samo kayansa.

Sai batun gangar jikin, inda ido yake yaudarar mutane. Mai saye yakan shafa fenti, ya zauna a kujera, ya kunna rediyo, ya ga komai yana sheƙi sai hankalinsa ya kwanta. Abin da bai sani ba shi ne a cikin tsofaffin jiragen fiba akwai katako da aka lulluɓe, a bangon baya da daɓen da ake takawa da kuma ginshiƙan da suke riƙe da injin. Ruwa yana shiga ta ramin kusoshi, katakon ya ruɓe a ɓoye, fibar da take waje kuwa tana nan garau, kamar gungumen da gara ta cinye ta bar ɓawo. A taka ko'ina a daɓen da nauyin jiki, musamman kusa da ƙafafun kujeru, a ji ko yana lotsawa. A ƙwanƙwasa bangon baya da ƙotar sukuddireba: lafiyayye yana ba da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake. A kama ƙafar injin a jijjiga ta sama da ƙasa, idan bangon ya motsa tare da ita ko tsaga ta bayyana a kusurwoyinsa, ciniki ya ƙare. Yagaggiyar kujera mai ɗinkin kujerun mota zai gyara ta cikin mako, amma canja ruɓaɓɓen bango yana nufin a fitar da injin a yanke fiba, aikin da sau da yawa ya fi kuɗin jirgin kansa.

Tarihin injin ma yana da abin dubawa wanda mutumin ƙasar zafi ba zai kawo a ransa ba. Yawancin waɗannan injuna ruwan kogi ko na teku suke zuƙowa kai tsaye su sanyaya kansu. Idan aka bar ruwan a ciki lokacin sanyin Turai sai ya daskare ya fasa gangar injin, kuma irin waɗannan jirage ne ake sayarwa da rahusa mai ban mamaki. Alamarsu ita ce tsaga ko walda a gefen gangar, ko baƙin mai da ya koma launin shayi da madara. Wanda ya yi aiki a ruwan gishiri, ko a Turai ko a Duwala da Kiribi, bututun hayaƙinsa suna cin tsatsa daga ciki har ruwa ya koma cikin silinda. A zare ma'aunin mai a duba, a kwance kusar man giya ta ƙasan ƙafar a ga ko ruwa ne zai fara fitowa, sannan a sa makanike ya auna matsin kowace silinda, kada bambancin da yake tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Ƙarancin awannin da agogon injin ya nuna ba abin murna ba ne, domin injin da ya shekara biyar a ajiye yakan fi wanda ake tayarwa kowane mako matsala.

Daga nan sai kuskuren amincewa da gwajin tsakar gida. Mai sayarwa zai tayar da injin a kan tirela, ya taka shi ya yi ruri, mai saye ya gamsu. Idan an yi hakan ba a haɗa masa tiyon ruwa ba, to a gabanka aka lalata robar famfon da yake zuƙo ruwan sanyi, domin ba ta jure gudu a bushe ko na ɗan lokaci kaɗan. Ko da an haɗa ruwan, injin da ba ya ɗauke da nauyi ba ya nuna gaskiyarsa. A sa jirgin a ruwa da mutanen da za su riƙa hawansa, a tabbatar injin a sanyaye yake kafin a tayar, a yi tafiyar aƙalla rabin awa ana kallon ma'aunin zafi. A buɗe masa wuta gaba ɗaya a ga ko ya kai juyin da kamfani ya ƙayyade, wanda ga MerCruiser mai lita 3.0 yake tsakanin 4,400 da 4,800 a minti. A shiga giyar gaba da ta baya sau da yawa, a karya kwana dama da hagu ana sauraron gurnani daga baya, sannan a buɗe ƙasan jirgin a ga ko ruwa ya taru. Mai sayarwar da ya ƙi wannan gwaji, ko ya ce sai an biya tukuna, a yi masa godiya a tafi. Wanda kuma yake shirin aika kuɗi Duwala bisa hoto da bidiyon WhatsApp, kuɗin motar zuwa ya gani da idonsa shi ne mafi arha a cikin duk abin da zai kashe.

Takardu ba sa buƙatar dogon bayani, amma ana sakaci da su. Jiragen Amurka suna da lamba mai harufa da alƙaluma 12 da aka buga a kusurwar dama ta bangon baya, kuma biyun ƙarshe suna nuna shekarar samfurin, don haka da ita ake gane ko dillali ya rage wa jirgin shekaru. A gwada ta da abin da yake cikin takardar duwan da takardar saye, a yi haka ga lambar injin ma, a kuma rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Wannan ya fi muhimmanci ga mutanen Kusiri da Njamena, inda kogin kansa shi ne iyakar ƙasa kuma jami'an tsaro suna tambaya. Tafkin Chadi kuwa, da halin tsaron da ake ciki, ba wurin yawon shaƙatawa ba ne.

Tirela ita ce abin da ake dubawa a ƙarshe, alhali ita za ta fara aiki. Daga Duwala zuwa Garwa ta Yawunde da Ngaundare tafiyar ta haura kilomita 1,000, da gangaren dutsen da yake bayan Ngaundare, kuma jirgin da tirelarsa suna iya kaiwa tan ɗaya da rabi. Tayoyin da suka daɗe a tsaye suna fashewa ko da zanensu bai cinye ba, boris ɗin da ake tsomawa a ruwa kuma yana ƙonewa a hanya. A canja su kafin a tashi, ko kuwa a ɗora jirgin da tirelar duka a kan babbar mota, wanda shi ne abin da ya fi kwanciyar hankali.

Mutane da yawa suna zuba duk abin da suka tara a kan farashin saye, su dawo gida ba su da na mai. Injin mai ƙarfin doki 135 yana iya shan kimanin lita 40 a awa guda idan an buɗe masa wuta, kuma shekarar farko ba ta rasa batir da farfela da robar famfo da rumfar da za ta kare kujeru daga rana. Yana da kyau a riƙe wani kaso mai kauri na kuɗin a gefe, ko da hakan zai sa a sayi ƙaramin jirgi. Man kwalba na bakin hanya, wanda ake kira zuwa-zuwa, ba laifi ba ne a babur, amma a jirgi ruwa da dattin da suke cikinsa suna kashe inji a tsakiyar tafki, don haka a sa matatar da take raba ruwa da fetur, a kuma raba man tafiya uku: kaso ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana.

Kujerun goshin nan da suka ja hankalin mai saye su ne kuma wurin haɗari. A kusa da sitiyari akwai ƙaramin allo da ya faɗi yawan mutane da nauyin da aka yarda a ɗauka, kuma jiragen Turai suna ɗauke da harafin C ko D, inda D yake nufin ruwan da ba shi da igiya sosai. Ranar salla, idan 'yan uwa suka taru, yana da wuya a ce wa baffa ko gwaggo su jira zagaye na biyu, amma dole ne a faɗa. Idan aka tara manya a goshi sai ya sunkuya, igiyar ruwa guda ta faɗo ciki, kuma yawancin waɗannan jirage ba sa zubar da ruwa da kansu sai da famfon ƙasa, wanda ya kamata a gwada kafin kowace fita. Iskar hadarin farkon damina tana tayar da Lagdo cikin ɗan lokaci, saboda haka da an ga gabas ta yi duhu a nufi gaɓa, a mayar da kowa bayan gilashi. Kowane fasinja ya sa rigar da take hana nutsewa daidai girmansa, direba ya ɗaura igiyar kashe inji a jikinsa, a kuma ba dorina hanya mai faɗi, musamman mai ɗa.

Akwai kurakurai biyu na makon farko da suke halaka jirgin da aka saya lafiya. Ɗaya shi ne mantawa da toshe ramin zubar da ruwa na ƙasan bangon baya kafin a sauke jirgin. A ɗaure matoshin a jikin makulli domin kada a tayar ba a gan shi ba. Ɗayan ya shafi mai injin ciki: tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan ɗakin injin, shi ya sa ake kunna fankar da take fitar da shi na minti 4 a kuma sunsuna wurin kafin a murɗa makulli. Da yake gangar MerCruiser mai lita 3.0 da mai lita 4.3 ta kamfanin General Motors ce, makaniken mota zai ce yana da kik ko altaneto da zai shiga daidai a rabin kuɗi. Zai shiga ɗin, amma na jirgi an rufe shi ne yadda tartsatsi ba zai fita ba, na mota kuwa a buɗe yake, don haka a jira na asalin ya iso ko da zai ɗauki wata guda.