Yadda Ake Auna Yadi Kada A Yi Maka Ƙwange

A bakinmu yadi abu biyu ne: tufar da za a kai wa tela, da kuma ma'aunin da aka yanko ta da shi. A wajen masu kalmar kuwa, wato Turawan Ingila, ba tufa ba ce ko kaɗan. A tsohon Turanci sanda take nufi, irin wadda ake gwada tsawo da ita. Mu ne da muka ga kullum da ita ake auna ƙyalle a kanti, muka laƙaba wa ƙyallen sunan sandar.

Matakin farko, riƙe lissafin a ka. Yadi ɗaya ƙafa 3 ne, ko inci 36. A mita kuwa 0.9144 ne cif, kamar yadda Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya da wasu ƙasashe biyu suka daidaita a 1959. Ke nan mita ta ɗara yadi da kusan inci uku da rabi.

Na biyu, ka je kasuwa da tef ɗinka, irin na tela, mai inci a fuska ɗaya da santimita a ɗayar. Za ka ga wasu 'yan kasuwa suna kama bakin ƙyalle, su miƙa hannu, su kawo ɗaya ɓangaren kan hanci, su ce yadi ke nan. Wannan dabara tsohuwa ce. Har akwai labarin da Turawa ke bayarwa cewa Sarki Henry na Ɗaya, wanda ya mulki Ingila daga 1100 zuwa 1135, da tsawon hannunsa aka tsayar da yadi. To, sarki hannunsa ɗaya ne tilo a ƙasa, amma a Kantin Kwari kowane mai shago da nasa. Idan gajere ya auna maka yadi goma da hanci, tela ne zai ba ka labari. Kakanninmu ma da kamu suke auna saƙi, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kusan rabin yadi, kuma cikas ɗin ɗaya ne.

Na uku, kuma nan ne aka fi yin asara: tambayi mai kaya, "Alhaji, yadi ne ko mita?" kafin a yi ciniki. Turmin atamfa yadi 6 ne, falle uku, wanda bai kai mita biyar da rabi ba. Shadda kuwa wata da mita take zuwa, musamman ta Turai. Mita 10 ta kusa yadi 11. Wanda ya biya kuɗin mita goma aka yanka masa yadi goma, an ci masa kusan yadi guda, kuma a babbar riga wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Mai saye a Maraɗi ko Damagaram ya fi sabawa da mita, don haka in ya tsallako Kano sai ya buɗe kunne.

Sai awon kansa. Shimfiɗa ƙyallen a kan tebur, kada a ja shi, domin leshi da yadi mai roba suna miƙewa a hannu su koma bayan an yanka. Auna ta gefen da masaƙa ta kalmashe. Duba faɗi ma, don yadi tsawo kaɗai yake faɗa maka. Wani ƙyallen inci 45 ne, wani 60, kuma mai faɗi ya fi auki a ɗinki.

In kana son gwada idonka ba tare da tef ba, filin ƙwallo ya ishe ka: daga inda ake ajiye ƙwallon fenareti zuwa layin raga yadi 12 ne, turmi biyu ke nan in an shimfiɗa su baki da baki.