Yadda ake tura sanarwar aukuwa tsakanin manhajojin sa ido, da gano inda saƙo ya maƙale

A wasu kamfanonin da Hausawa ke aiki a sashen kwamfuta a Jidda, Makka da Madina, ba manhaja ɗaya ce take sa ido kan na'urori ba. Otal ɗin da ke Makka yana iya amfani da manhajar Zabbix wajen lura da sabobinsa, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da ayyukansa, na'urorin sadarwa suna aika sanarwa ta hanyar SNMP, ƙa'idar da na'urori ke bi wajen ba da rahoton halin da suke ciki, babban ofishi da ke Jidda kuma yana tattara komai a manhajar adana rajista, kamar Splunk ko Graylog. Haɗa su ba shi da wuya sosai. Abin da yake wahalar da ma'aikaci shi ne ranar da na'ura ta mutu a reshe amma allon babban ofishi bai nuna komai ba. Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce a ƙirƙiri sanarwa guda ɗaya ta gwaji, a bi sawunta zango bayan zango har a ga inda ta tsaya.

Kafin a taɓa kowane saiti, a rubuta a takarda waɗanne sanarwowi za a tura, daga ina, zuwa ina, kuma wace manhaja ce take da hurumin kiran ma'aikacin da ke bakin aiki. Idan manhajoji biyu suka ɗauki wannan hurumi, saƙo biyu zai zo kan matsala ɗaya, kuma nan da nan ma'aikata za su daina dubawa.

Daga nan sai a zaɓi hanya. UDP da TCP hanyoyi biyu ne na ɗaukar bayanai tsakanin na'urori, kuma kowane irin saƙo yana shiga na'ura ta ƙofa (port) mai lambarta. Syslog, wato tsarin aika rajistar abin da ke faruwa a na'ura, yana tafiya ne bisa al'ada ta ƙofa mai lamba 514 a kan UDP, mai rufin sirri na TLS kuma yana amfani da 6514 a kan TCP. Sanarwar SNMP tana shiga ta 162 a kan UDP, sabar Zabbix tana karɓar bayanai ta 10051, kwamfutocin Windows kuma suna tura rajistarsu ta WinRM, tsarin sarrafa Windows daga nesa, a 5985 ko 5986. UDP tamkar saƙon da aka ba direban motar haya ne ba tare da karɓar rasit ba: mai aikawa ba ya sanin ko ya isa. Saboda haka ra'ayina shi ne duk saƙon da zai ratsa layin da ke tsakanin garuruwa, kamar Madina zuwa Jidda, a ɗora shi a kan TCP, wanda ke tabbatar da isowar bayanai, a kuma kunna layin jira mai ajiya a faifai a cikin rsyslog, manhajar da ke aikawa da karɓar syslog a Linux, domin idan layi ya yanke saƙonni su taru su jira maimakon su zube. A saitin rsyslog, alamar @ guda ɗaya kafin adireshi tana nufin UDP, guda biyu kuma suna nufin TCP, kuma wannan ɗan bambanci yana ɓata wa mutane yini guda.

Idan an gama saitin, a aika saƙon gwaji da umarnin logger, a sa masa wata kalma da ba za a same ta a ko'ina ba, domin a iya nemanta cikin dubban layuka. A na'urar da ke aikawa a kunna tcpdump, manhajar da ke nuna bayanan da ke shiga da fita, a kan ƙofar da aka zaɓa. Idan ba a ga komai yana fita ba, matsalar tana gida, wato ko dai ƙa'idar tacewa ta hana saƙon, ko kuma ba a sake tayar da manhajar ba bayan an canza saiti. Idan yana fita, sai a koma ga mai karɓa a maimaita. Rashin ganinsa a can yana nuna matsalar tana ga katangar tsaron (firewall) da ke tsakani ko hanyar da aka tsara wa bayanai, kuma a nan ne ake tuntuɓar sashen sadarwa da adireshin tushe, adireshin makoma, lambar ƙofa da ainihin lokacin gwajin.

Akwai tarkon da ya kamata a yi hattara da shi a wannan zango. A Linux, tcpdump yana ganin saƙo tun kafin katangar tsaron da ke cikin sabar ta yanke hukunci a kansa, don haka ganinsa a allo ba hujja ba ce cewa manhaja ta karɓa. A duba da umarnin ss ko akwai manhajar da ke sauraro a ƙofar, domin rsyslog ba ya sauraron UDP sai an ɗora masa imudp, sashensa mai karɓar UDP. A duba kuma ko SELinux, tsarin tsaro na cikin Linux, ya hana amfani da ƙofar da ba ta al'ada ba.

Saƙon da ya shiga manhaja ma yana iya ɓacewa. Manhajar snmptrapd, mai karɓar sanarwar SNMP, tana watsar da sanarwar da ba a ba ta izini ba a fayil ɗin saitinta, kuma a SNMPv3, wato sigar SNMP ta uku, dole sunan mai amfani, kalmomin sirri da lambar shaidar injin mai aikawa su dace. Zabbix yana danganta sanarwar SNMP da na'ura ta hanyar adireshi, saboda haka idan NAT, wato tsarin musanya adireshi a na'urar sadarwa, ya sauya adireshin reshe a hanya, sanarwar za ta zo amma ba za ta sami mai ita ba. Haka nan zabbix_sender, umarnin aika bayanai zuwa sabar Zabbix, yana bukatar sunan na'ura daidai da yadda aka yi masa rajista, har da manya da ƙananan baƙaƙe.

Batun lokaci ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan Saudiyya yana da fuska biyu. Tsohon tsarin syslog na takardar bayani mai lamba RFC 3164, wanda ya fito a 2001, ba ya ɗauke da shekara ko yankin lokaci, sabanin RFC 5424 na 2009. Saudiyya tana gaban UTC, wato agogon duniya na bai-ɗaya, da sa'a 3. Idan mai karɓa ya ɗauki lokacin Riyad a matsayin UTC, sanarwar za ta zauna sa'a 3 a gaba, mai neman abin da ya faru a mintuna goma sha biyar da suka wuce kuwa ba zai gan ta ba, sai ya ɗauka ba ta zo ba. Fuska ta biyu ita ce kalanda. Kwamfutar Windows da aka saita da Larabcin Saudiyya tana iya rubuta kwanan wata da kalandar Ummul Ƙura, sai ƙaramin shirin da ke tura sanarwa ya aika da shekarar Hijira, mai karɓa kuma ya ƙi ta ko ya ajiye ta ƙarnuka a baya. Maganin shi ne a tilasta tsarin rubuta kwanan wata da lokaci na ISO 8601 a duk saƙo, a kuma ɗaura dukkan na'urori a kan sabar daidaita agogo (NTP) ɗaya. Sunayen wurare da aka rubuta da Larabci kuwa a tabbatar suna tafiya da tsarin rubuta haruffa na UTF-8 a ɓangarorin biyu.

Sai daidaita matakan tsanani. Syslog yana da matakai 8, daga 0 mafi tsanani zuwa 7, Zabbix kuma yana da 6, don haka dole a zauna a yanke wanne ya yi daidai da wanne. Kada a manta da sanarwar warwarewa: idan aka tura labarin mutuwar na'ura ba a tura na farfaɗowarta da lambar shaida iri ɗaya ba, allon Jidda zai cika da jan launi na matsalolin da aka riga aka gyara. Idan kuma turawa tana tafiya ta ɓangarorin biyu, a sa wa kowane saƙo alamar tushensa, a hana shi komawa inda ya fito.

Tunda shirun allo yana iya zama alamar lafiya ko alamar yankewar hanya, a tsara kowane reshe ya riƙa aika saƙon shaidar rai duk minti biyar, mai karɓa kuma ya ɗaga faɗakarwa idan uku a jere ba su iso ba. A yi wannan gwaji tun kafin Ramadan da lokacin Hajji, sa'ad da yawan saƙonni yake ninkuwa. A kuma auna girman faifan ajiya tun da wuri, domin ƙa'idojin da hukumar tsaron intanet ta Saudiyya ta fitar a 2018 sun bukaci hukumomin da suka shafa su adana rajistar tsaro ta aƙalla wata 12.