Wane suna za ka sa wa fom ɗin jin ra'ayin kwastoma?

'Yan uwa masu sana'a a Aboabo da Asawase da su Alabar a nan Kumasi, na ga yanzu kowa ya koyi haɗa Google Forms yana tura wa kwastomomi a WhatsApp don ya ji ra'ayinsu, abu ne mai kyau wallahi, amma sau da yawa sunan da ake sa wa fom ɗin shi ke kashe aikin tun ba a buɗe shi ba.

Nima sai da abin ya same ni. Na haɗa wa innata mai sayar da waakye (shinkafa da wake) fom, tambayoyi 5 kacal, na manta ban canza sunan ba ya fita da "Untitled form" ɗin da Google ke sawa da kansa, aikuwa da yamma sai ga wata tsohuwar kwastomarta ta zo har gindin tukunya, waya a hannu, hankali a tashe, wai Hajiya an sace miki WhatsApp ne? Kuma da gaskiyarta, duk wanda ya taɓa jin labarin 'yan damfarar MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, ba zai danna linkin da bai san daga ina ya fito ba.

To abu na farko, sa sunan da mutane suka san ka da shi a gaba, ba sai wanda ka yi rajista da shi ba, wanda ake kiranka da shi a layi. In Hajiya mai waakye ake ce miki to ki fara da shi. In ka tura linki a WhatsApp sunan fom ɗin yakan fito a sama, shi ido ke fara gani.

Bayan sunanka sai tambaya guda, irin wadda za ka yi da bakinka in mutum yana tsaye gabanka. Tela ba ya ce wa kwastoma zo mu yi binciken gamsuwa, cewa yake yaya, ɗinkin ya zauna? To haka za ka rubuta. Na innata mun mai da shi "Hajiya mai waakye: yaya abincin yau?" shikenan. Kalmar bincike ɗin nan ni dai ban so ta, tana sa mutum ya ji kamar ma'aikatan haraji ne suka zo.

Kar ka sa "ka ci kyauta" ko "danna ka samu sidi 50", wannan yaren 'yan sakawa ne, wato masu damfara ta intanet, ko da gaske akwai gyara da za ka ba wanda ya cike, faɗa masa da baki ko ta voice note. Kar kuma ka sa wa mutane magana a baki, irin "faɗi yadda kake son shagonmu", wanda ransa ya ɓaci ba zai shiga ba, alhali shi kafi bukatar ji.

Maganar yare kuma, da yawanmu a zango muna jin Hausa sosai amma karatunta sai a hankali, wasu kwastomomin ma Twi suke ji, musamman in kana kasuwar Kejetia, don haka ka duba masu sayenka, in ta kama ka rubuta da Hausa da Turanci amma gajere, kalma 6 ko 7 sun isa. In akwai wuri ƙara "minti 2 kawai", amma fa ka gwada da agogo ka tabbatar minti 2 ɗin ne.

Kafin ka watsa a status, tura wa mutum ɗaya da bai san da zancen ba, ka tambaye shi daga wa yake ganin saƙon ya fito, kuma me ake so ya yi. In ya tsaya yana tunani koma ka gyara.